Sake gina RAID ya tsaya, ba shi ne bayanai sun salwanta ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa in an sauya faifai a na'urar NAS ta gida (akwatin ajiyar bayanai mai faifai da yawa), sake gina RAID 5 (tsarin raba bayanai a kan faifai da yawa) ya tsaya a tsakiya, to shi ke nan, bayanai sun tafi. Galibi ba haka ba ne. RAID 5 rashin faifai ɗaya kawai yake jurewa, kuma ginin sai ya karanta kowane sashe na sauran faifan. Sashe ɗaya ya ƙi karantuwa, sai na'urar ta iya fitar da faifai na biyu, alhali kusan duk abin da ke cikinsa lafiya lau yake.

Gaggawa ce ke ɓata aikin, musamman sake gwada ginin. Kashe na'urar. Rubuta lambar rami a jikin kowane faifai, har tsohon da aka cire, kada a yar. Kwafe kowanne da ddrescue, manhajar kwafe faifai mai matsala, zuwa faifai mai girmansa ko fiye.

Galibin na'urorin NAS na kamfanonin Synology da QNAP suna aiki ne da mdadm, manhajar Linux mai kula da RAID. A Linux, duba da mdadm --examine, ka haɗa faifan da lissafin Events ɗinsu (lambar da ke ƙirga sauye-sauyen tsarin) ya yi kusa da juna, ta amfani da --assemble --force --readonly, a kan kwafin kaɗai. Shi kuwa --create kar ka kusance shi, yana goge tsarin asali.