Sirrinmu a takardar tsire

Shekaranjiya bayan sallar isha'i na tsaya wajen mai tsire a Tudun Wada, nan Gusau, na sayi na naira 1,000. Da na isa gida na warware ƙunshin, sai ga fuskar wata baiwar Allah tana kallona daga ƙarƙashin albasa da yaji. Kwafin takardar NIN ce. Mai ya cinye rabin hoton, amma sunayenta suna nan raɗau, da unguwarsu, da lambobin nan 11, ko ɗaya bai goge ba. Na daɗe riƙe da takardar har naman ya huce.

Ban san matar ba. Wataƙila neman aiki ta je, ko tallafi, ko rajistar makarantar ɗanta, aka ce ta kawo kwafi biyu. Ta biya kuɗin fotokwafi, ta miƙa, ta koma gida tana addu'a. Wanda ya karɓa ya jibge a kwali, kwali ya cika, wani ya ɗauka ya sayar. Jiya na koma na tambayi mai tsiren inda yake samun takardunsa, ya ce, "Wallahi Malam a kilo nake saye, ban taɓa duba abin da ke ciki ba." Na yarda da shi. Shi nama yake sayarwa.

Abin da ya sa nake wannan dogon rubutu shi ne, a daren da nake zaune da takardar nan, zauren WhatsApp na 'yan ajinmu ya kaure da musu. Wani ya sake tono labarin tarar dala miliyan 220 da hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, a watan Yulin 2024, wadda kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilun 2025. Sai murna, sai kirari, wai Najeriya ta nuna wa Bature iyakarsa. Daga nan aka zarce gardamar da ba ta ƙarewa, iPhone ce ta fi tsare sirri ko Samsung. Wanda ya fi kowa zafi a musun, na san shi sarai, lambar buɗe wayarsa shekarar haihuwarsa ce, kuma duk yaran majalisarsu sun san ta.

Kada a ce ina kare Meta. Hukumar ta ce kamfanin ya tilasta wa 'yan Najeriya ƙa'idojin da ba su da zaɓi a kai, ya raba bayanansu ba da yardarsu ba, ya kuma bambanta su da mutanen wasu ƙasashe. In haka ne, tara ta yi daidai, a ƙara musu ma. Amma ni dai abin da nake gani a garin nan, asirinmu ba sai ya je Amurka yake tonuwa ba. Tun a bakin titi yake zubewa, a hannun mutanen da muke gaisawa da su kullum.

Ga misali daga gidanmu. Kawuna manomi ne a wani ƙauye ta wajen Bunguɗu. Bayan ya sayar da waken suya bara ya ce shi ma ya gaji da ƙaramar waya, babba yake so, mai hoto, don ya riƙa ganin jikokinsa da ke Kaduna. Na raka shi kasuwar 'yan waya ya zaɓi itel daidai kuɗinsa. Aka kunna, waya ta fara tambayoyi da Turanci, tana neman imel. Kawu ya dube ni, ya dubi yaron shagon, ya ce, "Wagga waya mi taka so kuma?" Yaron ya yi dariya ya ce, "Baba kawo, yanzu zan haɗa maka komai."

Cikin minti goma ya buɗe masa Gmail, ya sa WhatsApp, ya buɗe Facebook. Sannan ya jawo wani littafin makaranta daga ƙarƙashin tebur, bangonsa duk ya yi laushi don shan hannu, ya rubuta sunan Kawu, da imel ɗin, da lambar sirrin. Na leƙa. Shafi bayan shafi, sunayen mutane ne, maza da mata, kowa da lambar sirrinsa a gefe, kuma yawanci lambar wayar mutum ce aka mayar masa lambar sirri. Na ce, "Ƙanina, wannan fa?" Ya ce, "Yaya, mantawa suke yi. In ban rubuta ba, gobe ni za su zo su kama da faɗa."

To ka ji. Kuma gaskiya ya faɗa. Ban ga alamar mugunta a tare da yaron nan ba, taimako yake yi, don in babu irinsa da rabin dattawanmu ba su taɓa shiga WhatsApp ba. Amma littafin nan makullin gidaje ne sun fi a ƙirga, a rataye a ƙusa ɗaya. Duk wanda ya shiga imel ɗin mutum zai iya ganin lambobin da ya adana, da hotunan da wayar ke kwafewa can ba tare da mai ita ya lura ba, zai kuma iya canja lambar sirrin Facebook ɗinsa ya koma yin magana da sunansa. Yau yaron kirki ne a shagon. Gobe ya tafi karatu, wani ya gaji teburin da littafin.

Haka wajen masu caji. Wuta ba ta tsayawa, sai ka ga waya 50 a jere a kan katako, kowace da 'yar takarda an manna. Haka wajen mai gyara, da zai ce sai ka faɗa masa lambar buɗewa don ya gwada, alhali gilashi kawai zai canja. Haka wajen masu tura fina-finai, da ake miƙa wa memori da duk hotunan biki da na cikin ɗaki a kansa. Sau nawa muka ji aure ya girgiza saboda hoton da ya fita, aka yi ta zargin kishiya ko ƙawa, ba wanda ya tuna cewa wayar ta kwana biyu a shago?

Mu da ba ma shiga gidan mutum sai mun yi sallama a zaure, mu da kullum addu'armu Allah ya rufa asiri. Ban san yadda aka yi muka ɗauki waya kamar rediyo ba, abin da za ka miƙa wa kowa ya murɗa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai abin da da hannunmu muke jawowa. WhatsApp na asali tun 2016 yake kulle saƙo daga wayarka zuwa wayar wanda ka aika wa, ko kamfanin ba ya karanta abin da ke ciki, duk da ya san lambarka da irin wayarka da yadda kake amfani da manhajar. Amma samarinmu sun fi son GB, wato jabun WhatsApp, saboda a ga saƙon da aka goge, a ɓoye cewa an karanta. Wa ya ƙera GB ɗin? Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Ta Xender aka turo maka ita daga wayar aboki, shi ma daga wayar wani. Ka je leƙen asirin budurwa, ka bar naka a hannun wanda ko sunansa ba ka taɓa ji ba.

Sai masu kira su ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne, akwai taro da daddare, an turo maka lamba 6, karanto. Ka karanto, WhatsApp ɗinka ya tafi, kafin la'asar an roƙi surukanka kuɗin asibiti da sunanka. Maganin wannan yana cikin manhajar, makulli na biyu da za ka sa da kanka, bai kai minti biyu ba. Manhajojin bashi kuwa, ni kaina an taɓa turo mini saƙo da hoton wani maƙwabcina an rubuta ɓarawo ne, a kan bashin da bai kai kuɗin buhun masara ba. Ranar da ya sauke manhajar ya danna amincewa, ta kwashe duk lambobin da ke wayarsa, har tawa. Ni da ban ci bashi ba, ban danna komai ba. Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna tun 2023, amma wannan dokar a rumbunsa na Play Store take aiki, ba ta bin wadda aka tura hannu da hannu.

Akwai kuma wanda ba laifinmu ba ne, kuma shi ya fi ci mini rai a matsayina na ɗan Zamfara. A Disambar 2020, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. Muka yi layi a rana, tsofaffi da masu goyo, aka ɗauki yatsu goma da fuska. A Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Babban dalilin da aka ba mu tsaro ne. A tsakanin nan, farkon Satumbar 2021, aka kashe sabis a jihar nan gaba ɗaya bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. Wanda ya zauna Gusau a lokacin ba zai manta ba. Muka koma rubuta wasiƙa muna ba direbobi a tasha. Wasu har Funtuwa suke zuwa don kira ɗaya, kafin can ma a rufe. Mun haƙura, mun ce in dai za a samu lafiya. Yau ga shi, duk layin da ke aiki an ce yana da NIN a bayansa, amma har gobe ta waya ake cinikin kuɗin fansa, a kira da safe a sake kira da yamma. Ni ba jami'in tsaro ba ne, amma ina da ikon tambaya: bayanan da muka bayar, wa suka tsare?

A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan ƙasa, har da NIN da BVN, a kan naira 100. Hukumar NIMC mai ba da NIN ta ce ba a fasa rumbunta ba. To, ko ta ƙofa suka fita ko ta taga, naira 100 ko ƙullin yajin tsire ba ta saya yanzu. Muna da dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita. Madalla. Ina jiran ranar da dokar za ta sauko daga Abuja ta shiga ofishin da ke karɓar kwafi biyu, ta tambaye shi ina yake kai su bayan an gama.

Shi Kawu, a ranar na zauna da shi a zaure na canja masa duk lambobin sirrin, na rubuta a takarda, na ce ya ajiye inda yake ajiye takardun gona, kada ya nuna wa kowa. Ya ce to, Allah ya yi albarka. Bayan sati biyu ya kira ni yana fara'a, wai wayar ta ɗan rikice amma an gyara. Na ce wa ya gyara? Ya ce yaron nan mai hankali na kasuwa. Ya kai masa takardar, yaron ya kwafe a littafinsa don kada ta ɓace.