Agrippina fa ba ta taɓa hawa gadon mulkin Rum ba

Wasu in sun ji labarin Agrippina, uwar sarki Nero, sai su ɗauka sarauniya ce mai cin gashin kanta. Ba haka ba ne. A dokar Rumawa mace ba ta zaɓe, ba ta zama a majalisar dattawa, balle ta riƙe muƙami ko ta ja rundunar soja.

To ta ina ta samu ƙarfi? Ta cikin gida. Ta auri sarki Claudius a shekara ta 49 miladiyya, a 50 ta sa ya ɗauki ɗanta Nero a matsayin ɗa alhali yana da nasa Britannicus, ta dawo da masanin falsafa Seneca daga inda aka kore shi ya zama malamin Nero, kuma da hannunta a naɗa Burrus shugaban dogaran fada. Da Claudius ya mutu a 54, Nero na ɗan shekara 16, komai ta riga ta shirya. Har fuskarta aka buga a kuɗi tare da tasa, majalisa ma a fada ake kiran zamanta don Agrippina ta laɓe bayan labule ta ji me ake cewa. Gaskiya matar nan ta iya lissafi.

Amma ikon duk aro ne, a hannun ɗanta yake. A 55 da suka ɓata ya janye mata masu gadi ya fitar da ita daga fada, a 59 kuma ya sa aka kashe ta.