Don Allah ku daina tseren magariba da zomaye

Jama'a yau kan zomo zan yi magana, na san wani zai ce wanga mutum ya rasa abin yi, ana fama da tsadar hatsi shi zomo ya dame shi. To ya dame ni ɗin. Jiya ina dawowa daga sallar magariba na ji ihu gidan maƙwabta nan kartiyenmu, na aza maciji ne ya hito, ashe yara biyar ne da sanduna da kwandon wanki suna zagaya tsakar gida wai za su sa zomo guda ɗaya tal cikin ɗakinshi. Uwarsu na tsaye bakin madafa da ludayi a hannu tana ba da oda, tare can, kai tare nan mana, ga shi nan bayan randa. Zomon kuwa ya shige bayan buhun gawayi ya lahe, cikinshi na ta bugawa har daga ƙofa kana gani. Ban iya yi musu dariya ba don haka gidana yake shekara uku da sunka wuce.

Mu ma kasuwar Lahadi ta nan Tawa munka sayo namu, mace da namiji, auta ce ta matsa da kuka sai an saya mata. Na sa anka haɗa musu ɗaki da katako da giriyaji, wato ragar waya, anka ruhe sama da kwano, ni a ganina na gama aiki. Da rana a sake su su sha iska, da magariba a maida su. Maidawar nan ita ta zame muna yaƙi kullum. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, to mu ba cin shi za mu yi ba amma gudun kam mun sha shi, ni da gemuna da jallabiya ina duƙe ina leƙen ƙarƙashin moto da tocilan waya in an yanke kuran, uwargida tana cewa Malam ka bari yara su yi mana, mutane na ganinka.

Ranar da abin ya daina ba mu dariya, babban ɗana ne ya samu macen a lungu ya cabko ta da kunnuwa kamar yadda ya ga ana yi a kasuwa. Ta yi harbi da ƙafahun baya sau biyu, ta suɓuce mishi ta faɗi kan siminti. Ba wani nisa ba ne, bai kai tsayin ƙugu ba. Amma da ta tashi sai ga ta tana jan baya kamar tsumma. Likitan dabbobi da na kai wa ita washegari ya shafa bayanta ya ce ƙashin baya ya karye, ba abin da za a yi. Shi ya fara gaya min cewa zomo ƙashinshi ba nauyi, siriri ne, naman cinyarshi kuwa ƙarhi gare shi, in ya yi harbi yana rataye a sama ba abin da ya tallabe bayanshi yana iya karya kanshi da kanshi. Kunnen kuma ba marataya ba ne, jijiyoyin jini ne cike da shi, da shi yake hidda zahin jikinshi tunda ba ya zufa irin tamu. In dole sai ka ɗauka, hannu guda ƙarƙashin ƙirji, guda ya tallabe gindi, ka manna shi da jikinka. Yaron nan kwana biyu bai ci abincin kirki ba, ni kuma ban iya yi mishi faɗa ba don ni na koya musu korar.

Wani tsoho da muke zama da shi ƙofar gida bayan la'asar shi ya warware min abin, kuma bai taɓa kiwon zomo ba a rayuwarshi. Ina ba shi labari daidai lokacin da garken awakin gari ke dawowa daga kiwo, sai ya nuna min da sanda ya ce ɗana dubi can, wa ka ga yana korarsu? Kowace akuya tana zuwa daidai ƙofar gidansu sai ta ware ta shige, har da gudu. Na ce Baba ai sun saba ne. Ya ce da mi sunka saba, da ƙofar ko da ƙasari da dusar da ke jiransu ciki? Ka bar akuya kwana goma ba ka aje mata komi ba ka gani in ba ta koma gidan maƙwabcinka ba.

Nan na gane wautata. Ni duk abin daɗi, dusa, ganyen zogale, ganyen karas, ragowar salati, da rana nake watsa musu tsakar gida su ci su ƙoshi, ɗakin kuma ba komi ciki sai ƙofar da ake bugowa a bayansu bayan an gama tsorata su. Wane mahaukacin zomo zai shiga da kanshi? Sai na juya abin. Harawar wake da ruwa suna nan ko yaushe, wannan ba a taɓa hana su, kar wani ya karanta rabi ya tahi ya bar dabba da yunwa ya ce ni na ce, cikin zomo ba ya son tsayawa, zomon da ya wuni ya kwana bai ci komi ba yana cikin hatsari, kuma haƙoranshi tsiro suke yi har ya mutu, harawar ce ke goge su. Amma kayan daɗin nan na ɗauke su gaba ɗaya daga tsakar gida, sai cikin ɗaki, sai da magariba. Na samu gwangwanin tumatir na zuba ƴan tsakuwa ciki, in na idar da salla sai in kaɗa shi kacau kacau in zuba dusar cikin tasa a ƙuryar ɗaki in koma gehe in zauna kamar ba ruwana da su.

Kwana uku na farko ko kallona ba su yi ba, yara na ta min dariya wai Baba ya zama mai rawar caki. Rana ta huɗu namijin ya zo bakin ƙofa ya miƙa wuya ya ɗebi ganye ya gudu da shi. A nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin, da sun ga ya sa kai sai garam su ruhe ƙofa, shi ke nan ka koya mishi tasar nan tarko ce, sai ka sake sabon lale. Na bar shi ya shiga ya hita ya shiga ya hita, sai da ya zauna yana ci hankali kwance na tura ƙofar sannu. Daren farko farko kam sai da na kai kusan isha'i ina jira, wanda ya ƙi kuma na sa tsohuwar zana na rinƙa rage mishi hili a hankali ba gudu ba ihu har ya ga ba hanya sai ƙofar. Kamin sati biyu, da sun ji gwangwani sai ka ga kunnuwa sun miƙe, yanzu ma ba sa jiran gwangwanin, da liman ya sallame suna bakin ƙofa suna jirana.

Abin da ke ruɗa mutane, muna auna zomo da kaza. Kaza in rana ta faɗi idonta ya daina aiki sosai, da kanta take neman akurki. Zomo kuwa a lokacin ne ma garinshi ya waye, duk tsakar rana yana kwance miƙe cikin inuwa kamar gawa, sai sanyin yamma da na asuba yake hidimarshi, ya ci, ya yi tsalle, ya tona. Wato kana neman kulle shi daidai lokacin da ƙarhinshi ya dawo kai kuma naka ya ƙare. Ga shi idanunshi a gehen kai suke, yana ganin kusan ko'ina har bayanshi da samanshi, hannun da ya taho mishi daga sama a wurinshi shaho ne ko da hannun auta ne. Ba taurin kai ba ne yake maka.

Wani abin kuma, mu Hausawa zomo guda muke da shi a baki amma dabba biyu ce. Na daji da mafarauta ke bi da karnuka, mai dogayen ƙafahu, ba ya gina rami, a hili yake kwana cikin ciyawa, ɗiyanshi da gashi da ido buɗe ake haihuwarsu. Na gida kuwa asalinshi can Turai ne wajen Sipaniya da Fotugal, ɗan rami ne tun kakanni, ɗiyanshi tsirara suke zuwa ido ruhe sai wajen kwana 10 su buɗe. Dabbar da Allah ya halitta da son lungu mai duhu, in ka ga tana gudun ɗakin da ka yi mata, ɗakin ne ke da matsala. Ni sai da na sa hannu cikin nawa wata magariba ta watan Afrilu na gane, wallahi kamar tandar mai burodi. Zomo daga digiri 30 ya fara wahala, mu kuwa nan Adar a bazara mun wuce 40 ba a magana, kwano ya sha rana tun sahe sa'annan ka ce dabba mai rigar gashi ta shiga ta kwana. Na ja ɗakin zuwa ƙarƙashin dogon yaro, na shimfiɗa zana da karan hatsi saman kwanon da ɗan tazara don iska ta ratsa, na kwantar da wata tsohuwar randa da ta tsage a ciki, in zahi ya yi yawa a jiƙa buhu a rataya gehen da iska ke hitowa. Randar nan yanzu faɗa suke yi a kanta. Sa'annan warin hitsari, in kai ka duƙa ya buge ka a hanci to shi da hancinshi ke ƙasa fa? Da giriyajin ƙasa, zomo tahin ƙafarshi gashi ne kawai ba tsoka kamar ta kare, waya na yi mishi gyambo, a sa mishi ko katako guda ya samu wurin hutawa. In kuma maza biyu ne manya ka haɗa ɗaki guda, ɗaya zai tsare ƙofa ɗaya ya kwana waje ko su yayyaga juna, raba su kawai.

To akwai masu cewa mi ya kai ka wahala, bar su mana su kwana waje su gina raminsu, haka ake yi a ƙauye. Wani abokina a fada kullum da wannan yake tsokanata. Ina ba shi gaskiya a wuri guda, kulle zomo cikin ɗan kejin da ko juyawa ba ya yi da kyau, tun magariba har hantsi, zalunci ne, ɗaki ya kai ya yi tsalle uku a jere ya kuma miƙe tsaye kunnenshi bai taɓa sama ba, a buɗe shi da an hito sallar asuba kar a bari sai yara sun tahi lakkol. Amma kwana waje a cikin gari ban yarda ba, kuma ba a littahi na karanta ba. Dare guda na daɗe wurin shayi na ce yau ɗaya dai ba komi, da sahe gashi munka tarar warwatse gindin katanga da sawun mussa, kyanwa ke nan don ƴan uwanmu na Kano. Muzuran kartiye ba su da gida amma sun san gidan kowa. Ga karnuka, ga mujiya, ga maciji da damina, ga gahiya da kusu da ke cin jarirai. Ramin da kake taƙama da shi kuma, in katangarka ta laka ce ƙarƙashinta zai bi, ko ya ɓulla gidan maƙwabci ya cinye mishi shuka a yi ta shari'a, ko ruwan Agusta ya cika shi dare guda. Macen zomo cikinta kwana 31 ne ko kusa da haka, ta haihu can ƙarƙashin ƙasa ta toshe bakin ramin, sau guda take zuwa ba su nono a yini, kai ba ka ma san akwai su ba sai wari ya gaya maka.

Kuma in ka ruhe ka ruhe da gaske. Ƙusa lanƙwasasshiya ba sakata ba ce, kare da hanci yake ture ta. Giriyajin kaji ɗin nan siriri zomo da kanshi yana iya cinye shi, nemi mai kauri mai ƙananan ido wanda kusu ba ya ratsawa. Ka ƙirga su da tocila kamin ka juya, kar ka ce ai na ga sun shiga. Wannan aikin babba ne, yaro ya kaɗa gwangwani ya zuba dusa ya ji daɗi, amma sakata da ƙirga kai za ka duba, don yaro in anka kunna tele ya manta da duniya.

Yau da sahe na aika auta ta kai wa maƙwabtan gwangwani guda da tsakuwarshi ciki, uwar yaran ta leƙo ta katanga tana dariya ta ce Malam wannan kuma na mi ne, maganin zomo ne ko na aljanu? Na ce ki dai ɓoye kwandon wankin nan sati biyu. Ni ma fa ba duka na gama da su ba, akwai wani tsohon namiji baƙi mai tsagaggen kunne, shi kullum sai kowa ya shige zai zo ya zauna daidai bakin ƙofa yana wanke huska da hannu biyu, in ina kallonshi ba zai motsa ba ko za mu kwana, sai na juya baya na yi kamar ina ɗauraye buta sa'annan in ji ƙarar tasa.