Batir Ba Ya Caji a Ƙarƙashin Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

A Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta zuba mutum kusan 40,000 a jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku. A cikin kowane huɗu, uku ba su sake taka ƙasa ba. A watan Mayun 1943 kaɗai sama da jirage 40 suka halaka, har da wanda ɗan babban kwamandansu Karl Dönitz yake ciki. Ku tsaya mu duba yadda ake mutuwa da yadda ake tsira a cikin wannan ƙarfe, don akwai wa'azi a ciki.

Samfurin da suka fi amfani da shi, VII C, tsawonsa mita 67 ne, yana ɗaukar mutum 44 zuwa 52. A saman ruwa injin dizal ke tura shi, yana kuma cajin batir. Da ya nutse dole a kashe dizal, tunda iska yake sha, sai a koma kan batir. In aka lallaɓa, batir zai kai su kilomita 150 ko kusa da haka. In aka taka da ƙarfi, bai fi awa guda da 'yan kai ba ya mutu. Iskar da ake matsewa a tulunan ƙarfe, wadda da ita ake korar ruwa daga tankuna jirgi ya taso, ita ma a sama ake cika ta. Haka iskar numfashi. Duk a sama ake tarawa. A ƙasa ci kawai ake yi.

Mai gadi na hango abokan gaba sai ya kwarara ihu. Cikin daƙiƙa 30 ake son jirgi ya ɓace: a rufe ƙyauren sama, a toshe bututun iskar dizal, a buɗe tankuna ruwa ya shiga, marasa aiki su ruga gaba don nauyinsu ya dannar da hancin jirgin. Ba lokacin tambaya ba ne. Hannun da bai saba da bawul ɗinsa a cikin duhu ba, ranar ba zai koya ba.

Daga nan sai farauta. Jirgin abokan gaba da ke sama yana aika sauti da na'urar Asdik, ya bugi ƙarfe ya koma, su kuma na ciki suna jin bugun da kunnensu. Sai ƙarar farfela ta bi ta kansu, sai facal, facal, an saki bama-bamai masu siffar duro. Na Ingila, Mark VII, yana ɗauke da kilo 132 na abin fashewa, an saita shi ya tashi idan nauyin ruwa ya kai na zurfin da ake so. Sai ya fashe kusa da jirgi da kamar mita 6 kafin ya tsaga shi, don haka yawanci kuskure ake yi. Amma na kuskuren ma ba ya tafiya a banza. Ƙwayayen lantarki su tarwatse, gilasan ma'auni su zube, mahaɗar bututu ta saki. A zurfin mita 200, kowace santimita murabba'i ta jikin jirgin tana ɗauke da nauyin kilo 20, shi ya sa ɗan tsagi yake feso ruwa da ƙarfin da zai yanka fata.

A nan kyaftin yake shiga tsaka mai wuya. Ruwa na taruwa, jirgi na ƙara nauyi yana yin ƙasa, wajen da ƙarfe zai murƙushe. Ya kunna famfo, a ji shi. Ya ƙara gudu, batir ya zube. Ya busa iska a tankuna, kumfa ta tona shi a sama, iskar kuma ta ragu. In ruwan gishiri ya kai ga batir da ya fashe, sai iskar kulorin ta tashi tana ƙona huhu, dole a fito gaban bindiga. Gwanaye sun san dabara ɗaya: idan mafarauci ya zo daf da kansu Asdik ba ta ganinsu, ƙarar fashewa kuma tana kurmantar da masu saurare. A wannan ɗan taƙin ake taka gudu, a karkata, a canza zurfi, a kunna famfo, sannan a koma tsit. Daga 1942 Turawan Ingila suka fara toshe wannan kafa da makamin Hedgehog, mai cilla ƙananan bama-bamai 24 gaba tun ana ganin jirgin.

Sauran kuwa haƙuri ne. A kashe fanka, a cire takalmi, magana sai raɗa. Wanda ba shi da aiki ya kwanta, don mai motsi ya fi shan iska. Gurɓatacciyar iskar da ake fitarwa tana taruwa, kai ya yi ta sara, ƙato yana haki yana kwance, ashana ta ƙi kamawa. A Oktoban 1943 Japanawa sun danne jirgin Amurka Puffer a mashigin Makassar na Indonesiya, ya yi kusan awa 38 bai leƙo ba, zafi a wani ɗakinsa ya kai digiri 52. A Afrilun 1945 an jefa wa jirgin Jamus U-427 bam 678, ya fita.

Ya ɗan'uwa, kowannenmu yana da ranar nutsewarsa: ciwon da zai kwantar da shi, karayar arziki, mutuwar ɗa, sannan gargara da kabari. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Ibn Abbas ya nemi sanin Allah a lokacin yalwa, Allah zai san shi a lokacin tsanani. Annabi Yunusa (AS) ya yi kira cikin duffai, "La ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin," aka amsa masa. Amma duba dalilin da Suratus Saffat ta bayar a aya 143 da 144: ba don ya kasance cikin masu tasbihi ba, da ya zauna a cikin kifin har ranar tashi. Malaman tafsiri da yawa sun ce ibadarsa ta kafin shiga kifin ake nufi. Da guzurinsa ya nutse.

Mu kuwa mun ɗauka in wuya ta zo za mu iya. Ina! Wanda numfashi ke yi wa wuya a gadon asibiti ba ya buɗe Mushafi, abin da ke ƙirjinsa shi zai karanta. Harshen da bai saba da kalmar shahada ba, ba a gargara zai saba ba.

Kuma sakacin da ke kashewa ba ya da girma a ido. A Yunin 1939, kafin a fara yaƙin, jirgin Ingila Thetis ya nutse wajen gwaji kusa da Liverpool. Akwai 'yar ƙaramar kafa da ake dubawa a gane ko bututun harba makami yana cike da ruwa; fenti ya toshe ta, ba ta ɗigo ba, aka buɗe ƙyauren ciki alhali na waje a buɗe yake. Mutum 99 suka mutu, 4 suka tsira. Annabi (SAW) ya gargaɗe mu game da zunuban da ake rainawa, ya ce taruwa suke yi a kan mutum har su halaka shi.

Jirgin da ya kuɓuta, yana tasowa ake tayar da dizal a hau caji, don ba a san yaushe za a sake nutsewa ba. Mu ne Suratul Ankabut, aya 65, take ba da labari: a cikin jirgi a kira Allah da zuciya ɗaya, a taka tudu a juya baya.

To yau da kake sama, Asuba a jam'i. Azkar na safe da yamma, a haddace su, kada a dogara da waya. Ko aya uku a rana a ƙara a kan hadda. Mahaifi ko mahaifiya da ke raye, a je a nemi gafara ido da ido. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa bai kamata Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Ka ɗauki takarda daren nan, ka rubuta wanda kake bi da wanda yake bin ka, da adadin kuɗin da ranar biya, ka sa mutum biyu su shaida, ka nuna wa iyalinka inda ka ajiye.