Wai ruwan garau yake, to sai me?

Wato har yanzu akwai masu tura bidiyon bawan Allahn nan da ya ɗebo ruwan kogi a kofin gilashi, ya ɗaga wa kyamara yana tambayar ina robar da masana suke ta mana ihu a kanta? Sannu shehin malami! Shekara da shekaru mutane sun duƙufa a ɗakunan bincike, ashe kofi ɗaya ya wadatar.

Ido ba ma'auni ba ne a wannan magana. Ɓarɓashin robar da ake nufi shi ne duk wanda bai kai milimita 5 ba, kuma mafi yawansa ko ka zura ido har ka gaji ba za ka gan shi ba. A 2018 masu bincike na Jami'ar Manchester suka fitar da sakamakon lakar da suka kwaso daga ƙasan kogin Tame a Ingila: kimanin ƙwayoyi 517,000 a murabba'in mita ɗaya. A ƙasan kogi fa, inda kofinka bai kai ba. Da ambaliya ta zo, ta kwashe kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ke kwance a kogunan yankin ta yi gaba da shi. A kogin Danube da ke Turai kuwa, binciken 2014 ya tarar ɓarɓashin roba ya fi 'ya'yan kifi yawa.

Na san za a ce ai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 hatsarinsa a ruwan sha kaɗan ne. Ku karanta rahoton mana. Sun ce bayanan da ke hannu ba su taka kara sun karya ba, suka roƙi a ƙara bincike. Wannan binciken ne kuke wa dariya.

Wallahi abin yana damuna. Kifi yana haɗiyar abin nan, kogunan kuma su ne ruwan shan miliyoyin mutane, mu kuma muna auna lafiyarsu da ido.

Kuma ba leda kaɗai ba ce. Tayar mota ma tana zaizayewa a kan kwalta, ruwan sama ya wanke ya zuba a rafi. A 2020 aka gano wani sinadari daga taya ne yake kashe kifin salmon a rafukan yankin Seattle na Amurka. Taya ta suɗe, ka sauya sabuwa, ka taɓa tambayar ina robar da ta cinye ta tafi?