Ɗan ƙungiyarmu na Ingila ba rijiyar fam ba ne

Jiya Lahadi bayan La'asar muka yi zaman mako na ƙungiyarmu ta sa-kai, a ajin firamaren da muka saba ara. Aikinmu ba wani babba ba ne: yasar kwata kafin damina, gyaran maƙabarta, kai mara lafiya asibiti, wani sa'in biyan kuɗin jarrabawar marayu. Kuɗin mako naira 500, wanda ya makara tara 200. A ka'ida mu goma sha biyu zuwa sha biyar ne ke zuwa. Jiya kuwa sai da aka ɗauko benci daga ajin kusa, har da waɗanda rabonmu da su tun ƙaramar Salla.

Dalili? Mutuminmu na Ingila ya zo hutu. Shekara uku ke nan yana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Mancesta, kuma da shi aka kafa ƙungiyar nan.

Aka buɗe da addu'a, magatakarda ya karanta bayanin zaman baya. Ko ruwan da aka miƙa wa baƙon bai shanye ba, ma'aji ya gyara murya ya ce, "To Yallabai, ka ga dai halin da famfon tuƙa-tuƙan nan yake ciki." Wani ya kawo maganar rigunan ƙungiya. Wani ya ce ai fam ɗari a wurinsa kuɗin shayi ne. Na duba fuskar bawan Allah, sai na ga irin murmushin da mutum ke yi idan an taka masa ƙafa a gidan surukai.

Shugaba ne ya ceci lamarin. Dattijo ne, tsohon hedimasta. Ya ce, "Ku dakata. Ɗana, ba mu labarin zamanka a can tukuna."

Ya ce aikin dare yake yi, awa goma sha biyu a tsaye: ya ɗaga tsoho, ya yi masa wanka, ya canza masa shimfiɗa, ya ba shi abinci a baki. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, saboda haka yakan tashi daga barci ya tarar har an yi Magariba, sai ya yi kwana uku bai ga hasken rana ba. Da bazara kuma Isha sai wajen sha ɗaya na dare, Asuba tun ukun dare ta yi. Kuɗin haya da harajin ƙaramar hukuma da kuɗin ɗumama ɗaki kan cinye fiye da rabin albashinsa kafin ya sayi ko tumatir. Ya ce shi ma ya taki sa'a, domin tun watan Maris na 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana sababbin masu irin aikinsa tafiya da iyali. Akwai abokan aikinsa da 'ya'yansu suka fara tafiya, suka fara magana, duk a waya suka gani.

Sai ya faɗi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ya ce cikin shekara ukun nan, duk saƙon da ya samu daga ƙungiya lambar asusu ce a ƙarshensa. Ranar da mahaifiyarsa ta kwanta asibiti a nan garin, babu ko mutum ɗaya daga cikinmu da ya leƙa ta. Mu da muke taƙama da kai marasa lafiya asibiti! Ni ma ina cikin masu laifin, gidansu bai fi tafiyar minti goma daga nawa ba.

Na san abin da ke ruɗarmu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da 'yan kai, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500, kowa ya zama ɗan canji a zuci. Da an ce fam, sai mu buga lissafi da naira mu ga miliyoyi. Mun manta cewa wanda ake biya da fam, da fam yake biyan haya.

Ya kuma ba mu labarin wani abokin aikinsa Bature da ya taɓa jan sa zuwa taron mako na reshen unguwarsu na Rotary, wata ƙungiyar sa-kai ta duniya. Na san wasu za su ɗaga gira, don akwai masu ɗari-ɗari da ƙungiyar a wajenmu. Ba tallanta nake yi ba, ban taɓa shiga ba. Amma ba baƙuwarmu ba ce: wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa ta a Cikago a 1905, reshenta na farko a Najeriya a Kano aka buɗe shi a 1961, kuma ɗan Afirka na farko da ya shugabance ta a duniya, marigayi Jonathan Majiyagbe, lauya ne da ya zauna a Kano, ya yi shugabancin daga 2003 zuwa 2004. Tun 1985 suke zuba kuɗi a yaƙi da shan-inna, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020.

Abin da ya tsaya wa mutuminmu a rai ba wannan tarihin ba ne. Ya ce an kaɗa ƙararrawa daidai lokaci, an ci abinci, an gabatar da shi a matsayin baƙo, aka tambaye shi garinsu da sunayen 'ya'yansa. Da aka ambaci wata mamba da ba ta zo ba mako biyu, nan take aka sa mutum ya je ya dubo ta. Ya ce a wurin ne ya tuna zamanmu na Lahadi, kewa ta kama shi har ya kasa cin abincin.

Ga ra'ayina, kuma duk wanda zai ji haushi ya ji. Ƙungiyar da ba ta san halin 'ya'yanta ba, ba ta da bakin cewa tana yi wa al'umma hidima. Zaman mako ba don tara kuɗi kawai aka ƙirƙiro shi ba, da haka ne sai kowa ya tura ta waya ya yi zamansa a gida. Ana haɗuwa ne don a ga fuskar juna, a lura da wanda ya rame, a tambayi wanda ba a gani ba. Wanda ke ƙasar waje ya fi kowa buƙatar wannan, don shi ba shi da majalisar ƙofar gida, ba shi da mai shayi da zai ce masa kwana biyu. Ban ce kar a nemi taimakonsa ba, yana da hali fiye da yawancinmu, kuma shi ya sayi rabin buhunan simintin katangar maƙabarta bara. Amma a fara da gaisuwa mana.

Na kawo shawara biyu: a riƙa kiransa ta bidiyo minti biyar a zaman farko na kowane wata, ba tare da maganar kuɗi ba, sannan a sa mutum biyu su riƙa leƙa gidansu. Shugaba ya amince, ni da magatakarda aka ɗora wa zuwa gidan, Juma'ar nan za mu fara. Maganar kiran bidiyo kuwa an ɗage ta zuwa mako mai zuwa, wai sai an san wanda zai sayi data.

Da aka shafa fatiha muna fita, na hango ma'aji ya ja shi gindin darbejiya, ya ciro takardar mai gyaran famfo daga aljihu.