Tabon 1996 bai isa ya hana a yi bincike kan lafiyar yaranmu ba

Duk likitan yara da ya taɓa tunkarar iyaye a Kano da takarda a hannu, yana neman izinin sa ɗansu cikin wani bincike, ya san abin da zai fara ji: "Likita, don Allah kada ku mai da mana yaro zakaran gwajin dafi." Wani uban ma ba zai musa ba, sai ya ce zai je gida ya yi shawara, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Ni ban ga laifinsu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa, ta ci rayuka kusan 12,000. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya turo tawaga Asibitin Zana da ke Kano, ya ɗauki yara 200. Kusan rabinsu an ba su sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin ba a ba shi lasisi ba. Sauran an yi musu allurar ceftriaxone, a kan adadin da bai kai wanda aka saba bayarwa ba. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, daga baya ta bayyana cewa bayan an gama aikin aka rubuta ta, aka maƙala mata tsohon kwanan wata. Sai a ƙarshen 2000 jaridar Washington Post ta fasa ƙwai. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011, shekara 15 bayan abin ya faru, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan an yi musu gwajin DNA.

Abin bai tsaya a Asibitin Zana ba. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin hujjojin da ke bakin mutane. Kafin a dawo da rigakafin a 2004 cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, kuma yaran da suka gurgunce a wannan tsakani ba wanda ya biya su diyya.

Duk da haka, ra'ayina shi ne darasin da yawancinmu muka ɗauka daga 1996 ragagge ne. Mun ɗauka cewa in aka hana bincike, an kare yara daga gwaji. Ba haka abin yake ba. Shiga ɗakin kwanciyar yara a asibitin gwamnati da daddare, ka tsaya kusa da teburin ma'aikaciyar jinya. Za ka ga ta ɗauki ƙwayar da aka yi domin babban mutum, ta raba ta huɗu da reza, ta murƙushe kashi ɗaya a cokali, ta zuba ruwa, uwa ta riƙe hannayen yaro a ɗura masa, rabi ya shiga rabi ya gangaro ta gefen baki. Nawa ya shiga jikinsa? Allah masani. Kuma ita ba ta yi laifi ba, abin da ke hannunta ke nan. Hanta da ƙodar jariri ba sa sarrafa magani kamar na babba. Tun a ƙarshen shekarun 1950 aka gane haka da tsada, lokacin da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna chloramphenicol ya kashe jarirai sababbin haihuwa saboda hantarsu ba ta iya fitar da shi. Duk maganin da aka ba yaro alhali ba a taɓa auna shi a jikin yara ba, to gwaji ne ake yi, sai dai gwaji ne da ba mai rubuta sakamakonsa, ba kuma mai neman izinin kowa.

Akwai wani bincike da nake ganin ya kamata duk mai musun wannan magana ya sani. Shekara da shekaru littattafan likitanci suna koyar da cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya galabaitar, jini ba ya zagaya jikinsa yadda ya kamata, a yi maza a ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya cikin ɗan lokaci. Kowa ya yarda, ba wanda ya tambaya. Sai wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Kathryn Maitland ta auna abin a Uganda da Kenya da Tanzaniya, kan yara sama da 3,000. Sakamakon da ya fito a 2011 ya girgiza masu binciken su kansu: cikin awa 48, kusan kashi 10.5 cikin 100 na yaran da aka ɗura wa ruwan da sauri sun rasu, alhali a cikin waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa a hankali kashi 7.3 ne. Dole aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. (Kada wani ya ɗauki wannan ya hana a yi wa ɗansa ƙarin ruwa, masu gudawa da amai ba sa cikin binciken, kuma su ruwan ne ke ceton ransu.) Likitoci masu kyakkyawar niyya sun daɗe suna yin abin da ke ƙara mace-mace, kuma da ido ba za su taɓa ganewa ba, domin yaron da ya rasu dama a galabaice aka kawo shi, sai a ce kwana ne ya ƙare.

Haka labarin maganin kunin (quinine). Tsofaffin ma'aikatan asibiti sun san shi ne sarki a kan zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A 2010 aka fitar da sakamakon wani bincike kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da wani asibiti a Ilorin: mace-mace kashi 10.9 ga waɗanda aka ba kunin, kashi 8.5 ga waɗanda aka yi wa allurar artesunate. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'idarta a 2011. Allurar da ake yi wa yaronka yau in maleriya ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, wasu iyaye ne suka amince aka gwada ta a kan nasu 'ya'yan.

Kuma ba sai mun je nesa ba. A Kano ɗin nan da aka yi Trovan, an yi wani aiki da ya nuna yadda ya kamata a yi. Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen haihuwar masu amosanin jini, kimanin jarirai 150,000 a shekara, kuma ɗaya daga cikin mugayen abubuwan da cutar ke yi wa yaro shi ne shanyewar ɓarin jiki tun yana firamare. A Amurka, in na'urar auna gudun jini a ƙwaƙwalwa ta nuna yaro na cikin haɗari, ƙarin jini ake yi masa kowane wata. Wa zai iya wannan a nan, inda uba ke zagaya dangi yana roƙon leda ɗaya? Sai likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da takwarorinsu na Kaduna da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka tambayi abin da ya dace da halinmu: ƙwayar hydroxyurea za ta iya tsayawa a madadin jinin? In za ta iya, nawa ya isa? Suka bi yara 220, sakamakon ya fito a 2022, ya nuna ƙaramin adadi na kare yaro daga shanyewar jiki kamar yadda matsakaici ke yi. Tambayar tamu ce, masu binciken da yawansu namu ne, amsar kuma a aljihun talaka za a ji ta.

A Nijar ma haka. A Madarunfa ta jihar Maraɗi aka gwada rigakafin gudawar da ƙwayar cutar rota ke jawowa, wanda ke jure zafi, kan jarirai sama da 3,500, aka tabbatar yana aiki. A can kuma aka auna ko ya kamata duk yaro mai tamowa da ba a kwantar ba a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoxicillin, sakamakon 2016 ya nuna bai ƙara yawan masu warkewa ba. A yankin Doso, raba maganin kashe ƙwayoyin cuta na azithromycin ga ƙananan yara sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kusan kashi 18 cikin 100. Wani abin lura, kamfanin da ya ba da maganin kyauta shi ne Pfizer. Wannan bai wanke 1996 ba, kuma har yanzu akwai fargabar cewa yawan raba maganin zai sa ƙwayoyin cuta su bijire masa.

Inda na fi damuwa shi ne ɓangaren tiyata, domin nan ne ba kamfanin da ke da riba, saboda haka ba mai zuwa da kuɗinsa. Akwai jariran da ake haifa hanjinsu a waje, ta wata 'yar kafa kusa da cibiya. A ƙauye ake haihuwarsu sau da yawa, a naɗe hanjin da zane, a hau babur ko motar haya, a isa asibitin koyarwa bayan kwana ɗaya ko biyu, jikin jaririn ya yi sanyi, hanjin ya kumbura ya bushe. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2021, daga asibitoci 264 a ƙasashe 74, ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki ƙasa da 2 cikin 100 na irin waɗannan jarirai ke mutuwa, a ƙasashe matalauta kuwa 90 cikin 100. Wani nazarin na 2024, kan yara sama da 8,000 da aka yi wa tiyata a ƙasashen Afirka 31, ya gano cewa mace-mace bayan aiki sun ninka na ƙasashe masu arziki sau 11. Ba hannun likitocinmu ne bai iya ba. Abin da ke kashe yaran yana faruwa kafin wuƙa da bayanta: jinkirin zuwa, sanyi, rashin iskar numfashi, rashin mai ba da maganin sa barci da ya ƙware kan yara, ma'aikaciyar jinya ɗaya a kan gadaje da yawa.

Tambayoyin da za su ceci waɗannan yara ba su da ƙyalli. Me ungozoma za ta yi da hanjin a awa ta farko? Yaron da taifot ta huda wa hanji, a ɗinke hujin ne ko a yanke wajen, kuma yaushe zai fara cin abinci? Wace alama ce in ma'aikaciyar jinya ko ita kanta uwar ta gani da tsakar dare za a taso likita? Ba wata jami'ar Turai da za ta amsa mana, domin su ba sa ganin taifot tana huda hanji. A asibitocinmu kuwa ana yin ɗaruruwan irin wannan aiki, a rubuta a fayil, fayil ya tafi ɗakin ajiya, gara ta ci. Likita mai neman ƙarin girma ya kwaso na shekara biyar ya rubuta maƙala, ya samu abin da yake nema, shi ke nan. Ba na raina wannan, amma bai kai ya sauya yadda ake aiki ba. Abin da zai sauya shi ne asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram su haɗa kundi ɗaya, su riƙa rubuta kowane yaro a tsari ɗaya, da wanda ya tashi da wanda ya rasu, sannan su gwada hanyoyi biyu gefe da gefe.

Saura maganar izini, wadda ita ce asalin rigimar. Yanzu akwai kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa, da kundin ƙa'idojinsa tun 2007, akwai NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, akwai kwamitoci a asibitocin koyarwa. An ci gaba, ba shakka. Amma takarda mai shafi takwas da Turanci, wadda aka miƙa wa uwa ɗanta na suma a cinyarta, ta dangwala yatsa, wannan ba izini ba ne ko da kwamiti goma sun buga mata hatimi. Uwa a wannan hali ko me ka ce za ta ce to. A yi bayanin da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri, a karanta mata shi a gaban shaidar da ba ma'aikacin binciken ba, a faɗa mata ƙarara cewa in ta ce a'a za a ci gaba da kula da ɗanta ba tare da an canza mata fuska ba. Yaron da ya yi wayo a tambaye shi shi ma. A rubuta tun farko wa zai biya in an samu matsala, kada a sake jiran shekara 15. In an gama kuma a koma unguwa a gaya wa mutane abin da aka gano, ko da abin da aka gano shi ne maganin bai yi aiki ba.

Sannan gwamnatocin jihohi su daina tsayawa a yanke kintinkirin sabon gini. Muddin kuɗin bincike daga waje kawai yake zuwa, masu kuɗin ne za su zaɓi tambayar, kuma ba laifinsu ba ne in ba su zaɓi hanjin jaririn ƙauye ba. Albashin ma'aikata biyu masu tattara bayanai a kowane sashen tiyatar yara, da kwamfuta da wutar sola, bai kai kuɗin motar kwamishina ɗaya ba. Majalisun dokokin jihohi na iya sa wannan layi a kasafin kuɗin baɗi, su kuma nemi a kawo musu alƙaluman a ƙarshen shekara.